Ranar da Aka Nutsar da Bazawara

"Ku riƙe ƙafar kujerar da kyau, ba buhun dankali kuka ɗauko ba!"

Boeta Taliep ke nan, yake yi wa mijina Moegsien da ƙaninsa tsawa a kan matakalar benenmu. Daga hawa na uku suka sauko da shi a kan kujerar kicin, an naɗe shi da bargo biyu, jar hularsa ta karkace. Ina biye da filas ɗin shayi da burodi. 'Yarsa Rugaya na bayana da fararen kayanta na asibiti, tun daga ƙofa bakinta bai huta ba.

"Antie Galiema, ki gaya masa mana. Likita ya ce ko tsakar gida kada ya fita. Zuciyar nan saura ƙiris."

"Shi likitan ya taɓa ganin jana'izar jirgi?" in ji tsohon. "To ni ma ban taɓa ba. Ku mu je."

Ƙofarmu na kallon tasa tun da gwamnatin wariyar launin fata ta kwaso mu daga Simon's Town ta jibge mu a Ocean View, shekara goma sha ɗaya ke nan. Kafin nan ma katanga ɗaya ce tsakaninmu. Shekara ashirin da huɗu ya yi yana kuku a wani jirgin ruwan yaƙi. Ba soja ba ne, a lokacin ba a ba irinmu da ba Turawa ba kaki. Tukunya da wuƙa aka ba shi. Jirgin yana da sunansa na takarda, amma shi Bazawara yake ce masa, wai don ta yi auren fari da sojan ruwan Ingila, yaƙin duniya na ƙarewa suka sake ta, namu suka ɗauka.

Tun da ta zo hannunmu, in ji shi, ba ta sake harbin kowa ba. Ita ce kai abinci da wasiƙu ga masu auna yanayi a wani tsibiri can kudu mai ƙanƙara. Ita ce neman jiragen masunta da suka ɓace. Ta taɓa ɗaukar tumaki arba'in, suka yi mako suna kuka a gindin babbar bindiga. Da ta tsufa aka cire bindigogin, aka ɗaure ta a bakin tasha, sababbin kurata suna kwana a ciki. Yau kuma za a ja ta tsakiyar ruwa a nutsar, wai kifaye su sami gida.

Muka sa shi gaban a-kori-kurar Moegsien ta tallar kifi, tsakanin Moegsien da Rugaya. Ni na zauna a baya, na liƙa fuska a 'yar tagar da ke bayan direba, ina jin komai.

Hanya sai ta bi ta tsohon garinmu. Da muka zo gindin layinmu Rugaya ta nuna sama.

"Ga gidanmu can. Sun yi masa shuɗin fenti."

Bai juya ba.

"Mutanen da suka kore mu, jirginsu za ka je yi wa makoki."

"Ba jirgin ne ya sa hannu a takardar ba, 'yar nan."

"Ranar da motar kwashe kaya ta zo kana ina, Baba? Kana teku kana soya musu ƙwai. Ni da Mama muka sauko da gado a kai, shekarata goma sha biyar."

Moegsien ya ƙura wa titi ido kamar yau ya fara tuƙi. Tsohon ya ce, "Haka aka yi."

A kan dutsen da ke kallon gaɓar motoci sun yi layi. Turawa sun taru gefe guda da tabaran hangen nesa, mu muka ja gefenmu, ba sai an gaya wa kowa ba. Can ƙasa ga jirgin, duk tsatsa ta cinye launin tokarsa, wani ƙaramin jirgi yana jan sa da igiya kamar ana kai saniya kasuwa.

Muna gyara masa kujera wani ƙaton Bature mai sanƙo ya baro nasu, ya tsaya a kanmu yana leƙen fuskar tsohon.

"Kuku? Kuku Taliep?"

Boeta Taliep ya ɗaga kai ya kanne ido. "Kai! Mai Amai! Kana nan da rai?"

Ƙaton nan ya tuntsire da dariya har da hawaye, ya durƙusa a kan tsakuwa ya kama hannunsa biyu. Sunansa Wynand Terblanche. Yana ɗan shekara goma sha bakwai ya shiga jirgin, ya yi kwana biyar yana amai, tsohon ne ya riƙa ɗura masa shayin citta da busasshen burodi har ƙafarsa ta tsaya. Shekara goma suka yi tare.

"Wannan 'yarka ce? Mai hoto a jikin ƙofar kicin?" Ya dubi Rugaya. "Ke ce ya yi wa kyaftin ihu saboda ke."

"Ihu?"

"Rufe mini baki, Mai Amai," in ji tsohon.

Bai rufe ba. Ya ce suna kwana shida daga gida, suna neman wani jirgin masunta na Kalk Bay da injinsa ya mutu, sai saƙo ya zo ta waya cewa za a kwashe layin su Taliep ranar Talata. Kuku ya hau har ɗakin tuƙi, inda ba a yarda ya taka ba, da ludayi a hannu, ya ce a mayar da shi gida ko ya yi iyo. Kyaftin ya ce in aka juya, mutum bakwai ne za a bar wa teku. Kuku ya tsaya, ya tsaya, sannan ya sauka ya ɗora ruwan zafi.

"Ranar Laraba muka same su," in ji Terblanche. "Masuntan nan ke nan. Kwana goma sha biyu a ruwa, harshensu ya kumbura. Babu wanda ya iya ba su komai sai shi, cokali-cokali, ruwa da sukari. Bakwai ɗin duka suka taka ƙasa da ƙafarsu. Muna isa tasha ya tuɓe farar rigarsa ya ajiye, bai sake hawa ba."

Rugaya ta juya ga ubanta. "Me ya hana ka faɗa?"

"Kin sauko da gado a kai, ke da uwarki. Wane labari zan kawo miki da ya fi gado nauyi?"

Sai ta sunkuya ta ja bargon ta rufe masa ƙafa, ta daɗe tana gyaran da bai buƙaci gyara ba.

Sai muka ji ƙarar nakiya, dum, dum, sau biyu. Hayaƙi ya tashi daga gindin jirgin. Kowa ya zuba ido yana jira. Minti goma, minti ashirin, jirgi na nan zaune daram. Turawa suka fara duba agogo.

"Ai na san za a rina," in ji Boeta Taliep. "Wannan ba a yi mata gaggawa. Ko ƙofar tanderunta sai na lallashe ta take buɗewa."

Sai da ta gama jan ajinta, sannan ta sunkuyar da baya a hankali, hancinta ya ɗaga sama kaɗan, ruwa ya rufe. Tsohon ya yi salati a hankali, ya shafa fuska. Sannan ya ce, "Galiema, ina burodin nan? Ko ado kika kawo shi?" Kwana uku rabonsa da abinci. Ya ci yanka biyu, ya ce shayina ya yi tsararo.

Kwana tara ya ƙara a duniya. Rugaya ta ɗauki hutu. Da hantsi ina jiyo su ta ƙofa, yana ba ta labarin tumakin nan, da na ranar da igiyar ruwa ta watsar da miyar mutum ɗari a ƙasa, tana dariya tana cewa, "Baba, ka ƙara gishiri a wannan." Ranar Alhamis da safe tana yanke masa farce, ta gama hannun dama, ta ce ya miƙo hagu, bai miƙo ba.

Kafin azahar gida ya cika. Mutanen tsohon layinmu suka zo, har da wasu dattawa uku daga Kalk Bay da ban san su ba, suka ce lallai da su za a ɗauki makara. Ana shirin fita sai ga Terblanche ya hawo bene yana haki, cikin baƙar kwat da ta yi masa kaɗan. Ya ga takalma a bakin ƙofa, ya tuɓe nasa. Maza suka tafi da gawa, shi bai san ko an yarda ya bi ba, ya tsaya a tsakar ɗaki yana murza hula.

"Akwai abin da zan yi?" ya tambayi Rugaya.

Ta dube shi, ta dubi buhun albasar da muke ta fama da shi don abincin masu dawowa daga maƙabarta. Ta miƙa masa wuƙa.

Ya zauna a kan 'yar kujera tsakanin mata takwas, da safa mai huji a babban yatsa, ya sa kwano a cinya. Yankansa siriri ne, da sauri, irin na marigayi sak, bai ko kallon hannunsa. Mata suka tsaya suna kallo. Ta taga rana ta faɗo a kan kwanon, albasa na ta taruwa fara tas.