Motar da ke Tafiya a Karkace

Daga bayan motar ne Yaya ya hango abin. Yana zaune a bakin garejinsu yana wanke kabureta cikin fetur, sai jar motar ta wuce da ruri, ƙanensa Auta a kan sitiyari. Gabanta na kallon titi, amma bayanta ya ɗan goce hagu, kamar kare mai sassarfa.

Ya sunkuyar da kai ya ci gaba da wankinsa.

Wata huɗu ke nan Auta yana kan motar nan. Ya cire injinta ya dasa wani da ya ninka shi ƙarfi har sau uku, tun daga nan masu tseren mota suka mayar da garejin dandalinsu. Injiniya suke kiran Auta. Shi kuwa Yaya, wanda ya koya masa riƙon sifana, sai dai su gaishe shi a tsaitsaye su ce, "Injiniya na ciki?"

Matsalar motar ɗaya ce: da an taka totur sai ta fizga dama. Auta ya canja tayoyin gaba, ya kwance sitiyari ya mayar, ya kai ta wurin masu saitin ƙafa har sau biyu. Su ma gaban kawai suka duba. Kwana uku Yaya yana kallonsa yana haɗa gumi, wani sanyi-sanyi na ratsa masa zuciya. Jira yake a zo a tambaye shi. Ba wanda ya zo.

Ranar Alhamis mai motar ya iso, ya ce tseren jibi ne, kuma ba mai tuƙa masa ita sai Injiniya.

"Ba komai, ranka ya daɗe," in ji Auta. "Na saba da fizgarta. Zan riƙe ta da ƙarfi."

Yaya ya ɗago kai ya dubi ƙanensa. Ya san a irin gudun da za a yi, ba hannun da zai riƙe ta. Da mai motar ya tafi, Yaya ya zaro wata tsohuwar igiya daga akwatin kayan aikinsa, ya miƙa wa Auta bakinta.

"Kama nan, tsakiyar tayar gaba."

"Yaya, na'ura fa ta auna ta."

"Na ce kama."

Ya ja igiyar zuwa tsakiyar tayar baya, ya ƙulla alama. Suka zagaya ɓangaren dama. Ƙullin ya zarce da faɗin yatsa biyu.

"Aksul ɗinka, ƙarfen da ke haɗa tayoyin baya, ya juya," in ji Yaya. "Bayan ne ke tura ta gefe, kai kana ta dukan gaba. Ka ba ta ƙarfin doki, ka bar ta da ƙafar jaki."

Suka sauka ramin duba ƙarƙashin mota da fitila. Robar hannun da ke riƙe aksul ta yage, ƙarfen da yake zaune a kai ya lanƙwashe. Auta ya daɗe yana shafa wurin.

Washegari suka miƙe ƙarfen, suka ƙara masa walda, suka sa sabuwar roba. Mai motar ya gwada ta ya dawo yana washe baki, samari suka yanyame Auta. Yaya ya tsaya gefe yana goge hannu, yana jira ya ga ƙanen nasa ya haɗiye yabon. So yake Auta ya haɗiye, shi kuma ya samu abin riƙe shi da shi a rai.

"Ba ni ba ne," in ji Auta da ƙarfi, yadda kowa zai ji. "Yaya ne ya gano, da igiya kawai. Da ba don shi ba, Allah kaɗai ya san inda zan kwana gobe."

Mai motar ya dafa kafaɗar Auta, ya juyo wajen Yaya.

"Ka ga abin da ya sa nake son ƙanen nan naka? Ga iya aiki, ga ladabi!"

Yaya ya gyaɗa kai.

"Haka yake tun yana ƙarami," ya ce. Kuma gaskiya ya faɗa, abin da ya fi ci masa rai ke nan.