Irin da Muka Binne

Damina ta makara. Sama ta yi fari fat kamar kwanon da aka wanke, guga kuma sai laka yake ɗebowa daga rijiyarmu. Autanmu ya tafi birni yin dako tun bara da gona ta ƙi, ya ce in ruwa ya sauka a kira shi ya dawo noma. Kullum sai na share ɗakinsa, na kaɗe tabarmar da ba wanda ya kwanta a kai. Kewarsa ta hana ni sakat.

Maigidana akwai taurin kai, jaki ma ya sara masa. Wata safiya ya sauko da ɗan irin da ya rage mana, ya ce binne zai yi, wato ya shuka a busasshiyar ƙasa, iri ya jira ruwa a can.

Na ce, "Maigida, in yayyafi ya ruɗe shi ya tsiro, rana ta ƙone shi fa? Da me za mu sake shuka?"

Ya ce, "Ko a buhun ma ba mu ke tsaronsa ba, Maman Auta. Ɗauko ƙwarya."

Na bi shi ina mita, yana sara ina zubawa, ina rufewa da ƙafa.

Ran Lahadi fasto ya ce mu roƙi ruwa, ko ɗigo ne. Sai na ji mutumin nawa yana raɗa, "Ubangiji, ko ka ba mu da yawa, ko ka dakata tukuna." Na zungure shi da gwiwar hannu. Wa ya taɓa yi wa Allah awo?

Muna cikin waƙa muka ji ƙwas-ƙwas a kan rufin kwano. Coci ya ruɗe, yara suka ruga waje suna buɗe baki. Kafin waƙar ta ƙare ruwan ya ɗauke. Kowa na murna, mu biyu kawai muka zauna jugum.

Bayan 'yan kwanaki muka je gona. Maigida ya tona da yatsa. Laimar ko gaɓa ɗaya ba ta kai ba, amma ga ƙwayar ta tsage, ta miƙo 'yar farar saiwa tana laluben ruwa. Ya mayar da ƙasa a hankali.

Ya ce, "Ta riga ta yarda. Ba komawa kuma."

Nan na durƙusa, ƙasa na ƙona mini gwiwa. Na ce, "Yesu, kai ka tashe ta. Ba mu da wata. Kada ka bar ta a hanya."

Muna komawa gida wayata ta yi ƙara. Auta ne.

"Mama, an yi ruwa? In taho?"

Na ɗaga kai. Ko ƙyallen gajimare babu.

Na ce, "An fara, ɗana. Ɗaure kayanka, ka jira in kira ka."