Ihsan Ta Ɓace a Masaukin Kan Tudu

Murjanatu ta ɗaga labulen ɗakin ajiya, hannunta duk warin albasa, ta ga tabarma wayam. Takalmin ɗiyarta Ihsan ɗaya ne kawai a ƙasa.

Dokar masaukin ce, ma'aikaci ba ya zuwa da yaro. Amma innarta da ke riƙe mata yarinyar tana kwance a asibitin Jega, shi ya sa ta goyo ta tun daga Liba, ta shigo da ita ta ƙofar baya, ta kwantar da ita kusa da kicin inda take aiki.

Ta fito tana waige-waige. Masaukin a kan tudu yake, ɗakunansa na jar ƙasa da jinka kamar na ƙauye, ciki kuwa sanyi da gadajen alfarma, manya ke zuwa daga birni su huta. Ta leƙa rumbun da aka gina don ado, ta duƙa ƙarƙashin motoci.

"Ihsan," ta kira ƙasa-ƙasa, don kada manaja ya ji.

Sai ta tuna da tafkin wanka. Ta ruga, ta durƙusa a baki, ta ƙura wa ruwan ido har ƙasansa. Babu. Bayan tafkin gaɓar tudu ce, an bar ta ba katanga don baƙi su riƙa hangen gonaki. A bakinta ta ga ɗayan takalmin.

Ba ta san lokacin da ihu ya ƙwace mata ba. "Ihsan! Wayyo Allah, ɗiyata!"

Ƙofofi suka buɗe. Magaji manaja ya taho da sauri, fuska a murtuke. "Ke, mi ya faru? Wace ɗiya?"

"Tawa ce, ranka ya daɗe. Ka kore ni, amma a duba ƙasa, don Allah a duba!"

Rufa'i mai gadi ya fara gangarawa yana riƙe duwatsu. Murjanatu ta kasa kallo, sai salati take yi.

"Wannan kuke nema?"

Wata dattijuwa ce cikin baƙin, tsaye a ƙofar ɗakinta. A ciki, ƙarƙashin jeren ƙoren da aka ƙawata bango da su, Ihsan na barci a kan tumtum, bakinta da maiƙon biskit.

"Shigowa ta yi ta zauna," in ji dattijuwar. "Wai ɗakin kakarta ne."

Murjanatu ta sure ta, tana shafa kanta, tana taɓa ƙafafunta.

"Ki same ni ofis," in ji Magaji.

"To," ta ce.

Ta goya yarinyar, ta ɗaure zane tamau, ta bi bayansa.