Ƙofar da Auta Ya Yi

Shekara talatin da biyu Maman Auta tana zaune da Kafinta, kuma tun ranar da talabijin ta shigo gidan ba ta taɓa kallon fim ɗaya cikin kwanciyar hankali ba. Ko ɗaya. Mutane suna kallon fim don labari, shi kuwa mijinta katako yake kallo. Jaruma tana kuka an kashe mata miji, Maman Auta ta kai gefen mayafi ido ke nan, sai ta ji daga kujerar gefe: "Dubi ƙafar gadon nan. Wallahi ba za ta kai wata uku ba." Ɓarawo ya ɓuya a cikin kabad, kowa ya riƙe numfashi, shi kuma yana tambayar wane marar tsoron Allah ne ya ɗaura murfin a karkace.

Ba a katako kaɗai ya tsaya ba. Me ya sa direban yake kallon budurwa ba ya kallon hanya? Wace mace ce ke tashi daga barci da jan baki? Mutum a harbe shi sau huɗu, ya tsaya yana wasiyya kamar mai karanta labarai! Ta yi tsaki har ta gaji, ta yi magana har ta daina. Hali zanen dutse.

Wannan bakin nasa ne ya raba shi da ɗansa. Auta ya tashi a shagon uban, tun yana riƙe masa ƙusa har ya zama shi ke yanka yana haɗawa. Shekara biyu da suka wuce ya ce ya sami aiki wurin masu shirya fim, zai riƙa yi musu ɗakuna da ƙofofi da kujerun da ake ɗauka a hoto. Kafinta ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Na koya maka sana'a, za ka je ka zama kafintan ƙarya." Auta ya ɗauki jakarsa. Tun daga ranar ba su ƙara magana ba. Ita kanta ta rasa sunanta a gidan, don Kafinta ya daina ce mata Maman Auta, ya koma "Ke". Abin yana cin ranta, ba kaɗan ba.

Ranar Alhamis Auta ya kira ta. Fim ɗin da ya yi wa aiki za a nuna ranar Asabar da ƙarfe huɗu, a maimaita Lahadi da rana.

"Mama, duk katakon da za ki gani a ciki ni na yi shi. Kada ki gaya masa. Ki kira ni ki ajiye wayar kusa da shi, ina so in ji abin da zai faɗa da bakinsa. In ya yaba ko abu ɗaya ne, Lahadi ina gida."

"In bai yaba ba fa?"

"To, kin ga ai na san matsayina."

Ta san wasa da wuta ne. Amma shekara biyu ba kwana biyu ba ne, sai ta amsa.

Asabar ta yi. Ta share falo, ta goge gilashin talabijin, ta kawo masa shayi ba tare da ya nema ba, har ya yi mata kallon tuhuma. Ta kira Auta a ɗaki, ta fito ta ajiye wayar a hannun kujera, ta rufe da mayafi.

Tun ba a gama rubutun farkon fim ba ya fara. Kiɗan ya yi yawa. Jarumin ya cika ƙiba, wai shi ne ɗan sanda, da wannan tumbin wa zai kama? Matar wani attajiri tana yanka albasa da zobba biyar a hannu. Maman Auta ta bar shi, duk wannan ba nata ba ne. Katako take jira.

Sai ga falon attajirin. Tebur dogo mai ƙafa shida, kujeru takwas, kabad har rufi. Ta saci kallon mijinta. Ya ɗan matso gaba, ya runtse ido, ya ce, "Hm."

Shi ke nan. Hm! Mutumin da zai yi minti goma a kan ƙafar gado, yau da ake neman bakinsa ya koma kurma.

"Malam, teburin nan fa?" ta ce da ƙarfi, tana karkata wajen mayafin.

"Tebur ne."

"Ai na ga kamar ya yi kyau."

"Ke yaushe kika san tebur? Bari mu ji abin da mai tumbin nan yake cewa."

Ta cika ta yi fam. Yau kuma shi ne mai son jin labari! Ta ƙara gwadawa da kabad, ta gwada da matakalar bene, ya ce ta cika surutu, ba ta barin mutum ya kalli fim. Saura kaɗan ta jefe shi da kofin shayin.

Can wajen ƙarshe ɓarayi suka kulle yarinyar attajirin a ɗaki. Ƙofa ce babba, mai kauri, baƙa wuluk, an yi mata zane. Ɗan sandan ya ja da baya, ya ɗaga ƙafa, ya doke ta sau ɗaya. Ƙofar ta tarwatse gida huɗu.

Kafinta ya miƙe tsaye, shayi ya zube a kan tabarma.

"Kai! Kai! Wannan ƙofa ce ko biskit? Duka ɗaya! Mai tumbi! Ƙofar da na yi wa makarantar bayan kasuwa shekara ashirin yara suna dukanta, ko gezau. Wanda ya yi wannan a karɓe masa guduma, ya je ya sayar da ruwa. Wallahi ubansa bai koya masa komai ba!"

Maman Auta ta fizge mayafin. Fuskar wayar ta nuna an kashe kiran. Ba ta san a wace kalma ya kashe ba, ta dai san ya ji abin da ya ishe shi.

Zuciya ta ɗebe ta.

"Ubansa kai ne! Kai ne uban da bai koya masa komai ba! Teburin da ka yi wa hm nasa ne, kabad nasa ne, ƙofar tasa ce. Yana kan waya yana jin ka, yana jiran kalma ɗaya ya dawo gida gobe. Kalma ɗaya, Malam! Shekara talatin kana cika mini kunne, yau kalma ɗaya ta gagare ka. Haba! Wane irin mutum ne kai?"

Kafinta ya dubi wayar, ya dubi talabijin, inda ake ta rungumar yarinyar attajiri a kan ɓaraguzan katako. Ya zura takalmi ya nufi shago.

Ta kira Auta sau shida, bai ɗauka ba. Daga shagon, wanda ke jikin gidan, tana jin zarto, sai kuma wani irin bugu, dum, dum, kamar ana dukan bango. Ta ce a ranta ya rushe shagon ma, ko oho.

Lahadi da rana ta dawo daga kasuwa da ledoji a hannu, ranta a jagule, sai ta tarar da abin mamaki. Kafinta ya jawo ƙaramar kujera har gaban talabijin, hancinsa ya kusa taɓa gilashi, ya sa tabaran da yake cewa ba ya bukata. Ƙafarsa ta dama tana cikin roba da ruwan ɗumi, ta kumbura suntum.

"Me ya sami ƙafarka?"

"Yi shiru, an kusa zuwa wurin."

Ɗan sandan ya ɗaga ƙafa. Ƙofa ta tarwatse.

"Kin gani? Kin ga bakin karayar? A miƙe yake. Katako ba ya karyewa a miƙe. Yanka ta ya yi ta baya, wuri uku, ya bar kaurin farce, ya cike, ya shafe da fenti. Kuma kafin nan an buɗe ta an rufe sau biyar a fim ɗin, na ƙirga, ko motsi ba ta yi ba."

Ta ajiye ledojin. "To, sai aka yi yaya?"

Ya daɗe yana kallon ruwan robar.

"Jiya na yi irinta uku a shago. Ta farko ina ɗaga ta ta rabe a hannuna. Ta biyu ma haka." Ya nuna ƙafar da haɓa. "Ta uku ce ta ƙi."

Dariya ta taso mata, haushi ya danne ta, hawaye kuma ya riga su duka fitowa. Tsoho mai shekara sittin da ɗoriya, ya kulle kansa a shago yana dukan ƙofa da ƙafa!

"Maman Auta," ya ce, bai dube ta ba. "Kira shi."

Ta ji sunan sarai, har cikin ƙirjinta, amma ba ta nuna ba. Ta miƙa masa wayarsa da ke kan talabijin.

"Tawa ba ya ɗauka. Bakin da ya ɓata shi zai gyara. Kira shi da kanka."

Ya lalubo lambar da ƙyar, ashe bai taɓa goge ta ba. Ta yi ƙara sau ɗaya, sau biyu, har sau bakwai. Maman Auta ta riƙe bakin ƙofa tana addu'a a ciki. Sai ƙarar ta tsaya, aka ɗauka, ba a yi magana ba.

Kafinta ya yi gyaran murya. Ba sallama, ba gaisuwa.

"Kai, da wane zarto ka yi yankan nan?"

Can sai ta jiyo muryar ɗanta can ƙasa-ƙasa, a ɗaure da farko, daga baya ta saki, yana ta bayani. Kafinta yana gyaɗa kai, yana zana wani abu da yatsa a kan gwiwarsa. A karon farko a falon nan wani yana magana shi yana saurare.

Da Auta ya kai aya, tsohon ya cire tabarau ya goge ido da bayan hannu.

"A'a," ya ce. "Ba zan gane ta waya ba. Zo ka nuna mini."