Ranar da na haɗe giyar Harkin

Shekarata hamsin da huɗu, kuma babban muƙamin da na taɓa riƙewa a duniya shi ne mai gyara na sa-kai a wani shafin intanet inda mashaya ke ba giya maki. Ba albashi, ba godiya. Matata Noelene ta ce ko banza ya rage mata surutuna.

Ƙa'idarmu ba ta da wuya. In giya ta fito sau biyu, suna ɗaya, gida ɗaya, ƙarfi ɗaya, a haɗe su. In kuwa an canza haɗin da ake dafa ta da shi, a raba, amma sai da shaida.

Ranar Laraba na ga Harkin 74 sau biyu. Baƙar giya ce ta nan Huonville, wadda tsoho Harkin ya yi ta dafawa har ya rasu bara, ya bar wa ƙaramin ɗansa Dougal gidan dafa ta. Shafin farko maki huɗu da rabi cikin biyar, da yabo na shekara goma sha biyar. Na biyu sabo ne, an ƙara masa "ta Dougal", maki biyu. Na danna haɗewa ina hamma. Nan take makin ya faɗo zuwa uku, kuma a ƙasan hoton tsoho Harkin, abin da ya fara fitowa shi ne: "Ruwan wanke-wanke mai kumfa."

Ranar Asabar da hantsi ina gasa soseji a gaban ofishin 'yan kwana-kwana sai ga a-kori-kurar Wes, babban ɗan Harkin. Askin tumaki ne aikinsa, damtsensa ya kai cinyata.

"Kai ne Graeme54?" in ji shi, yana nufin sunana na shafin.

"Haba Wes, tun firamare ka san ni."

"Kai ne ko ba kai ba ne?"

Na buɗe baki zan karanto masa ƙa'ida, ya rufe mini shi da naushi. Na faɗa kan tebur, albasa da burodi suka bi ni ƙasa. Na tofar da jini, da wani abu mai tauri wanda daga baya na gane haƙorina ne.

"Ni na buɗe shafi na biyun, sakarai!" in ji shi. "Don kada ƙazantar Dougal ta taɓa sunan Baba. Mayar da shi yadda yake."

"Ba na iyawa," na ce, leɓena na kumbura. "Sai manyan shafin. Su kuma sai an nuna musu an canza haɗin."

"To zo ka gani."

Ya ɗauke ni ta kwala ya jefa a mota.

Mun iske Dougal yana wanke tanki da tiyo. Ya dube ni, ya dubi wansa.

"Me ya sami fuskar wannan?"

"Faɗa masa abin da kake zubawa a giyar Baba."

"Sha'ir da ruwa, kamar kullum. Bakinka ne ya tsufa, Wes. Warin tumaki ya kashe maka hanci."

"Maƙaryacin banza!"

Dougal ya juya tiyo ya watsa masa a ido, ya rarumo muciyar katako da ake juya dahuwar da ita, tsawonta ya kai mutum. Ya kai duka, Wes ya tare da hannu, na ji ƙarar ƙashi. Wes bai ko yi ƙara ba, ya sa kai ya tunkuyi ƙaninsa a ciki, suka zube kan akwatunan kwalabe. Gilashi ya tarwatse ko'ina. Dougal ya samu wuyan kwalba ya yanki wansa a kunci, Wes ya kama gashinsa ya buga kansa da jikin tanki sau biyu, tankin na amsawa kamar ganga.

A nan ne na yi wauta ta biyu a mako guda. Na shiga tsakani ina cewa, "Jama'a, a ƙa'ida dai..." Muciyar ta same ni a ƙeya. Na zauna cikin ruwa da jini, na yanke shawarar ci gaba da kallo daga nan.

Wes ya ɗaga ƙaninsa da hannu ɗaya mai lafiya ya wurga shi kan wasu buhuna da aka rufe da tampol a lungu. Buhu ɗaya ya fashe. Shinkafa ta kwararo fara fat har ƙafafuna.

Duk muka zuba wa shinkafar ido, tiyo na ta zuba.

"Kashi ɗaya cikin uku ne kawai," in ji Dougal daga ƙasa, yana riƙe da hancinsa. "Ba wanda ya gane."

"Kowa ya gane, ɗan iska. Graeme, ɗauki hoto."

Na ɗauka.

Manyan shafin suka karɓi shaidar cikin kwana huɗu, suka raba. Wes ya zo gidana hannunsa a ɗaure, kuncinsa da ɗinki bakwai. Na tsaya bayan ƙofar raga na nuna masa wayar. Huɗu da rabi, hoton tsoho, yabon nan duka. Sai ya ga jan rubutu a sama.

"Wannan fa?"

"An daina yin ta. Haka ake sa wa duk giyar da aka canza. An rufe shafin, ba mai ƙara komai."

"Har abada?"

Na gyara sakatar ƙofar kafin na ce e.

Bai dake ni ba. Ya zauna kan matakala ya ce idonsa ba ya ganin ƙananan rubutu, in karanta masa yabon. Na buɗe ƙofa na zauna nesa da hannunsa mai lafiya, na fara daga na farko, wani mutumin Hobart da ya ce ta yi masa kamar ƙonannen burodi da zuma. Iska na fita ta gurbin haƙorina kamar usur. Guda ɗari uku da goma sha biyu ne, kuma bai bar ni na tsallake ko ɗaya ba.