Kifaye a Akwatin Burodi

Tun da aka karɓo Hamida daga hannun mutanen daji ba ta sake magana ba. Shekararta bakwai. In an miƙa mata tuwo ta ci, in an ce kwanta ta kwanta. Likita a Ƙanƙara ya duba harshe da kunne, ya ce lafiya lau. Ubanta Yahuza ya sha zama gabanta yana kiran sunanta, har ya gaji ya bari.

Ranar kasuwa ya kai wayarsa caji, mai cajin ya zuba mashi hotunan bidiyo. Da ya koma 'Yargoje ya zauna gindin ɗorawa yana dannawa. Wani gida ne na kifaye, wai a Dubai. Mutane na tafiya cikin rami na gilashi, ruwa a sama, ruwa a gefe, kifaye masu faɗin faifai suna wucewa bisa kawunansu. Na biyun a wata ƙasar ne, wani ƙaton kifi na tsalle ta cikin zobe, jama'a na tafi. Yahuza bai ji komai ba. Sai dai ya ji numfashi a kafaɗarsa. Hamida ce tsaye, ta sa yatsa a kan wayar. Cikin duk abin da aka nuna mata tun dawowarta, wannan ne kaɗai ta taɓa da kanta.

Ta kalla har caji ya ƙare.

Washegari ya je wajen Inusa mai shayi, ya roƙi tsohon akwatin gilashin da yake jera burodi.

"Kai da ko ƙosai ba ka iya sayarwa, me za ka jera?" in ji Inusa.

"Kifi."

"Soyayye?"

"Mai rai."

Inusa ya dube shi, ya fasa dariyar da ya so yi. Ya ce ɗauka.

Yahuza ya kwantar da akwatin, ya liƙe kusurwoyin da ƙaro da narkakkiyar roba. Ya gangara kududdufi ya kamo 'yan karfasa da ƙananan tarwaɗa, ya cika akwatin da ruwan da ya samo su a ciki. Ruwan jajir yake kamar kunun dawa. Hamida ta tsuguna gaban gilashin, ta manna goshi. Wani lokaci wutsiya ta gilma, shi ke nan. Haka ta wuni.

Dada, uwar Yahuza, tana daga bakin madafa tana kallo. Ba ta kiran sunansa, don shi ne ɗan fari.

"Kai wannan, ka aje yarinya tana kallon laka? Na cikin wayar haka ruwansu yake?"

"Zai kwanta, Dada."

"Ya kwanta ina, suna ta dama shi?"

Da safe ya saɓa fartanya ya tafi gona.

Dada ta yi abin da take yi wa ruwan randa duk damina. Ta kwance ƙullin alam, farin dutsen nan da ake jefawa ruwa ya tace, ta dandaƙa. Ganin akwatin ya fi randa girma, kuma tana son jikarta ta gani da wuri, sai ta juye duka.

Bayan azahar Yahuza ya shigo. Daga zaure ya hangi akwatin yana walƙiya. Lakar ta kwanta ƙasa, ruwan ya yi garau, har ana ganin dangar da ke bayansa. Kifayen duk sun taso sama, cikinsu fari. Ɗaya ne kawai ke buɗe baki a hankali.

Dada na tsaye, hannu a haɓa.

"Abin da muke sha ne fa," ta ce ƙasa-ƙasa. "Kullum shi muke sha."

Yahuza ya jingine fartanya. Ya nemi fushi a cikinsa, bai samu ba.

Hamida ba ta ɗaga goshinta daga gilashin ba. Muryar ta fito a shaƙe.

"Baba."

Ya tsaya inda yake.

"Yanzu ina ganinsu."

Dada ta toshe baki da bakin zane, ta shige ɗaki. Yahuza ya tsuguna kusa da ɗiyarsa, ƙurar gona na ƙafarsa. Ya daɗe yana tsara abin da zai yi ranar da ta yi magana, har da ɗan akuyar da zai yanka. Yanzu ko hamdala ta ƙi fitowa.

"Wannan mai gemun barci yake?" ta ce, tana nuna tarwaɗa.

Ya dubi kifin.

"I," ya ce. "Faɗa mani sauran. Wancan fa?"

Ta matsa da yatsa kan gilashin, ta ci gaba.