Labarin da Aka Kawo Ba Suna

Folarin bai kai ƙarshen shafi na biyu ba ya fashe da dariya.

"Anti, wannan labari ne ko wa'azin jana'iza? Shafi biyu, jirgin bai bar tasha ba!"

Ajin koyon rubuta labari ya ɗauki shewa. A kujerar gaba, wadda ake bar masa kowace Asabar, Baba Akinwumi ya ƙura wa fanka ido. Labarinsa ne. Yau ake zaɓen labaran da za su shiga littafin ƙarshen shekara, kuma malamarsu, Anti Yewande, ta ce kowa ya kawo nasa ba suna. Da hannu ya saba rubutu. Wannan karon ya kai wani shago a kasuwar Dugbe aka buga masa, don kada a gane shi.

Tun da ya bar tuƙin jirgin ƙasa ya shiga ajin nan, ba wanda ya taɓa gyara masa ko waƙafi. In ya gama karatu sai su rusuna, su yaba. A gabansa aka sa Morenike kuka saboda jimlolinta masu ado kamar gwaggwaron biki. Yanzu rubutunta yanka yake kamar reza. Folarin, da ke watso kalmomi kamar kwandasta na kiran fasinja, ya sha suka har ya koyi haƙuri. Kowa ya yi gaba. Shi kaɗai girmamawa ta dasa a inda yake.

"Mai labarin nan tsoro yake ji," in ji Morenike. "Matar direban ta mutu a jimla ɗaya, sai ya gudu ya koma bayanin birki. Nan fa labarin yake, ya ƙi tsayawa."

Maganar ta soki Baba Akinwumi a ƙirji. Gaskiya ce, kuma ita yake jira tun farkon shekara. Bai san lokacin da ya juyo ba.

"Ci gaba, 'yata. A ina ya kamata in tsaya?"

Nan take kowa ya gane mai labarin.

Morenike ta zube a gwiwoyinta. Folarin ya ture benci ya kwanta rub da ciki, haɓarsa a siminti.

"Baba, ku yafe mana! Bakin yaro ne."

"Tashi. Ka ce jirgin bai bar tasha ba. Gaya mini yadda zai tashi."

"Ni? Wane ni! Ai jinkirin shi ne daɗinsa, Baba. Ni ne ban gane ba."

"Morenike, ke fa?"

Ta ƙi ɗago kai. "Ban san komai kan mutuwa ba, Baba. Ku kuka sani."

Anti Yewande ta tsince takardar daga kan benci da hannu biyu, ta kakkaɓe ta, ta ɗora a saman waɗanda aka zaɓa. Ba ta nemi ra'ayin kowa ba.

"Da na Baba za mu buɗe littafin," ta ce. "Ba abin da za a taɓa a ciki."

Aka tafa. Shi ma ya tafa, don kada a ce tsoho ya yi fushi.